Yadda za ka samu takardar shaida kan aikin da ka riga ka iya

Abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Mutum ya yi shekara goma sha biyar yana walda, ko wayarin, ko ɗinki, ko kula da tsofaffi marasa lafiya, hannunsa ya faɗa sosai har yana koya wa yara, amma ranar da aka ce kawo takarda sai ya yi tsuru-tsuru, a ɗauki wanda ya gama kwas ɗin wata shida jiya. To akwai hanyar gyara wannan a ƙasashe da yawa, matsalar dai waɗanda aka yi abin dominsu su ne ba su da labari.

Bari in fara da tsanin, don in ba ka gane shi ba sauran ba zai shiga ba. Ƙasashe sama da ɗari yanzu suna da tsarin matakan shaidar ilimi na ƙasa, ko suna kan haɗa shi. Tsani ne kawai, kowane satifiket da difloma da digiri an ɗora shi a kan wani mataki, kuma ba da yawan shekarun da ka zauna a aji ake auna matakin ba, da abin da ka sani ne, da abin da za ka iya yi da hannunka, da kuma irin nauyin da za a iya ɗora maka ba tare da wani ya tsaya a kanka ba. Wannan na ukun shi mutane suka fi mantawa. Ostareliya ta kafa nata a 1995, Afirka ta Kudu ma a shekarar ta yi dokar da ta kafa SAQA, hukumar da ke kula da nata tsanin, Ayalan ta fito da nata a 2003, Tarayyar Turai kuma ta yi na gamayya mai suna EQF a 2008 mai matakai 8, inda digirin farko ke mataki na 6, mastas na 7, digirin dakta na 8. A Najeriya hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, ce ke riƙe da na sana'o'i mai suna NSQF.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka nemo hukumar da ke riƙe da tsanin a ƙasar da kake, ka shiga shafinta ka binciko rajistar takardun shaida. Ka nemi sana'arka a ciki ka sauke takardar ma'auninta. Don Allah kar ka tsallake wannan. Takardar nan ita ce ke jero abubuwan da ake so mai wannan shaidar ya iya, ɗaya bayan ɗaya, kuma da ita za a auna ka, ba da yabon da kwastomominka ke maka ba. Ka samu biro ka zauna da ita, duk layin da ka karanta ka tambayi kanka tsakani da Allah: na iya wannan? in na iya, me zan nuna? Za ka ga wasu ka fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, wasu kuma kamar lissafin kayan aiki, ko dokokin kariya daga haɗari, ko rubuta rahoto, kana yin su da ka ne kawai ba ka taɓa sa su a takarda ba. Nan ne giɓinka yake.

Wajen zaɓen mataki kar ka yi zari. Wanda ke aiki ƙarƙashin oga ana duba masa daban yake da wanda ke karɓar aiki shi kaɗai, shi ma daban da wanda ke raba wa wasu aiki yana amsa laifinsu. Ka zaɓi wanda ya yi daidai da yadda kake aiki yau, in ka samu sai ka hau na gaba, ai tsanin ba gudu zai yi ba.

Sai babban aikin, tara hujja. Tsarin ba da shaida kan aikin da ka riga ka iya sunansa RPL a ƙasashen da ke amfani da Turanci, ma'anarsa amincewa da abin da ka koya tun da farko, Faransa kuma VAE suke ce masa, sun sa shi a doka tun 2002, har digirin jami'a ana iya samu ta nan. Da farko sai kana da shekara 3 ta aiki, a 2016 suka rage zuwa shekara 1, daga baya dokar 2022 ta cire wannan sharaɗin. Tarayyar Turai a shawarar da ta fitar a 2012 ta kasa abin gida huɗu, gano abin da ka iya, rubuta shi, gwada ka, sannan ba ka shaida, kuma a nawa ganin gida na biyun nan ne ke kayar da yawancin mutane, ba gwajin ba.

Ɗauki mai walda misali. Hoton ƙofar da ya gama ba hujja ba ce mai ƙarfi, kowa zai iya tsayawa gaban ƙofar wani ya ɗau hoto. Abin da ake so bidiyo ne da fuskarsa ta fito, a ga ya sa gilashin kare ido da safar hannu, a ga ya ɗora tef ya auna ƙarfen ya yi masa alama da alli, ya yanka, ya saita wutar injin yana faɗin dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kaurin sandar, ya ɗana, ya bi layin, ya kakkaɓe dattin da guduma sannan a matso da kyamara kan haɗin a ga ya kwanta lafiya babu ramuka. Minti biyar na irin wannan ya fi hotuna hamsin. Haka tela, a ga awo da yanka, ba rigar da ke rataye ba.

Bayan bidiyo ka haɗa rasit, takardun kwangila, littafin da kake rubuta ayyuka da kwanan wata, satifiket na ƙananan bitoci ko da na kwana biyu ne, da wasiƙa daga ogan da ka koya a wajensa. Wasiƙar nan kar ta tsaya a "yaron kirki ne mai riƙon amana", wannan yana da daɗin ji amma mai tantancewa ba zai iya ba shi maki ba. Ta faɗi daga yaushe zuwa yaushe, wane irin aiki, da wane inji, shi kaɗai ko da mai duba shi. Kowace hujja ka rubuta mata lambar layin da take amsawa a takardar ma'auni. Masu tantancewa abu huɗu suke dubawa: hujjar ta dace da abin da aka tambaya, ta wadatar, taka ce da gaske, kuma ba ta tsufa ba. Aikin da rabonka da shi shekara goma sai an sake ganin ka yi shi.

Kafin ka ba kowa sisinka ka tabbatar cibiyar da za ta gwada ka tana cikin jerin waɗanda hukuma ta amince da su, kuma ita kanta shaidar tana cikin rajista da lambarta da matakinta. Wallahi wannan ne ya fi ba ni takaici, mutum ya tara kuɗin guminsa ya kai wa masu buga takarda mai ado da tambarin zinare, ya je neman aiki a duba a ce babu ita a ko'ina. Duk wanda ya ce zai ba ka shaida ba tare da ya ga aikinka ba, ka kama gabanka.

Ranar gwaji yawanci za a sa ka yi aikin a gabansu ko a zo wajen aikinka, sannan a yi maka tambayoyi. Me ya sa ka yi haka, in kaza ya lalace ya za ka yi. Ka saba bayyana aikinka da baki tun kafin ranar, ka samu wani ka riƙa yi masa bayani, don gwanaye da yawa hannu ya iya amma baki ya ƙi.

Sakamako kala uku ne, a ba ka duka, a ba ka wani ɓangare, ko a ce ka ƙara shiri. In ɓangare aka ba ka kar ranka ya ɓaci, a tsarin da ke aiki da kiredit, wato ma'aunin yawan koyon da ke cikin kowane ɓangare, ana rubuta maka abin da ka ci, ka je ka yi ɗan kwas kan ragowar kawai. A Birtaniya da Afirka ta Kudu kiredit 1 awa 10 ne na koyo, a tsarin jami'o'in Turai na ECTS kuwa awa 25 zuwa 30 ne, shekara guda kiredit 60. Ka tambaya ko kiredit ɗin da ka ci yana da wa'adin da zai mutu.

In kana da niyyar fita waje da takardar, ka kula, lambar mataki ba ɗaya ba ce ko'ina. Mataki na 6 a Ingila digiri ne, a Ayalan mai matakai 10 kuwa bai kai digiri ba, Sikotland ma 12 gare ta. Don haka kar ka rubuta lamba tsurarta a takardar neman aiki, ka haɗa da sunan tsarin da ƙasar. A ƙasashen Turai akwai cibiyoyin ENIC-NARIC masu duba takardun waje su faɗi inda suka faɗa a tsaninsu, su za ka fara tuntuɓa. Sana'o'in da ke da lasisi kuma kamar jinya, matakin kaɗai ba ya ba ka izinin aiki, sai ka bi ta hukumar sana'ar a can ta yi maka rajista tukuna.