"Ai ba ya yi mini ciwo": kurakuran da na gaji da gani kan kansar mama

Na daɗe ina aikin ungozoma a nan Tawa, kuma maganar da ta fi ƙona mini rai ita ce wannan: "Ai ƙullutun ba ya ciwo." Baiwar Allah, maruru ne ke ciwo. Kansa sau da yawa shiru take farawa, galibi a cikin hanyoyin da ruwan nono ke bi. Muddin tana cikin hanyar, akwai wata siririyar fata da ta killace ta. Da tafiya ta yi tafiya, ƙwayoyin kansar sai su saki juna, su fitar da sinadarin da ke narkar da fatar, su kutsa cikin nama. Daga nan su bi hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar hammata, ko su faɗa jini, su sauka a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Wata yayata ma haka ta raina nata ƙullutun. Da hannuna na taɓa abin, bai fi ƙwayar gujiya ba. Na ce mu je a duba, ta ce, "Ke ƙanwata, bari a gama girbi." Na ƙyale ta, ni da na sani! Aka koma jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, har wani mai magani ya yi mata tsaga. Da muka isa Yamai fatar maman ta koma kamar ɓawon lemu, tana kuma kukan ciwon baya da muka ɗauka na daka ne. Ashe cutar ta riga ta kama ƙashi. Tun daga ranar, mace ta nuna mini ƙullutu, ba na barin sati biyu su wuce ba likita ya gani ba, ko mijinta zai ɗaure mini fuska.

Sai masu cewa in ƙarfe ya taɓa shi zai bazu. Wa ya gaya muku? Allurar da ake tsinko ɗan nama da ita a gwada, ita ke nuna irin kansar da maganin da ya dace da ita. Watannin da kuke ɓatawa kuna shawara da maƙwabta, su ke ba ta damar yaɗuwa.

Wasu kuma da an yi aiki sai su watsar da magani, wai sun warke. Ƙwayoyin da suka riga suka fita na iya kwanciya shekaru kafin su farka, shi ya sa ake shan wani magani mai suna tamoxifen shekara 5 ga wadda irin tata ke jin sa. Tun 2021 ana gasa cutar da hasken na'ura a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai, ba dole sai an ƙetare iyaka ba.

Kada a manta da hammata wajen dubawa. Kan mama ya shige ciki ko yana fitar da jini, ba a jira. Maza ma suna kamuwa, kaɗan dai. Ni bayan al'ada nake duba kaina, a bayi, da sabulu a hannu don yatsu su fi jin abin da ke ƙasa.