Yadda ake neman gurbin karatu da tallafin kuɗi a jami'o'in Amurka

Kafin ka zaɓi jami'a, ka zauna da mahaifinka ko wanda ke ɗaukar nauyinka ku tsayar da magana ɗaya: dala nawa gidanku zai iya biya duk shekara har tsawon shekara huɗu? A manyan jami'o'i masu zaman kansu, kuɗin karatu da masauki da abinci ya haura dala 80,000 a shekara. Adadin da kuka tsayar shi zai nuna ƙofofin da ya kamata ka ƙwanƙwasa.

Ta fuskar kuɗi, jami'o'in kashi biyu ne. Akwai 'yan ƙalilan da ba sa duba aljihun ɗalibin ƙasar waje lokacin tantancewa, kuma in sun ɗauke shi suna cike duk giɓin da iyayensa suka gaza. Ana ce musu need-blind. Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin suna cikinsu, sai dai shiga can sai an sha wuya. Mafi yawa kuwa need-aware ne, wato yawan tallafin da kake nema yana rage maka damar samun gurbi. Jami'o'in jihohi ba kasafai suke ba baƙo cikakken tallafi ba. Kwalejin Berea da ke Kentucky tana ɗaukar nauyin shekarar farko gaba ɗaya, amma baƙin da take ɗauka kaɗan ne. Don haka ka cakuɗa jerinka, kada ka zuba ƙwanka duka a kan sunayen da kowa ya sani.

Akasarin jami'o'in suna karɓar takardu ta shafin Common App, wanda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta, kuma yana ba ka damar neman makarantu har 20. Wa'adin masu neman da wuri yakan faɗo 1 ko 15 ga Nuwamba, na gama-gari kuma farkon Janairu. Amsa tana fitowa zuwa ƙarshen Maris, kai kuma ka faɗi inda ka zaɓa kafin 1 ga Mayu ta wuce. Ka kula da tsarin Early Decision: alƙawari ne cewa in an ɗauke ka za ka je, kuma yana hana ka kwatanta tayin kuɗin makarantu daban-daban.

Za a nemi sakamakonka na shekarun sakandare, da na WAEC in ya fito, da wasiƙun malamai biyu, da rahoton mai ba ɗalibai shawara. Makarantunmu da yawa ba su da wannan muƙami, to shugaban makaranta ko mataimakinsa zai iya cikewa. A nan abu yakan lalace: shafin yana tura wa malami saƙon imel ne domin ya ɗora wasiƙar da kansa, malamin kuwa bai buɗe akwatinsa ba tun bara. Ka je ka same shi wata biyu kafin wa'adi, ku buɗe tare. Mai ba da shawarar, ko shugaban da ya tsaya a madadinsa, shi ne kuma zai tabbatar da buƙatarka ta a yafe maka kuɗin cike fom. Maƙalar da za ka rubuta a kan kanka ba ta wuce kalma 650. Zaman da kake yi a shagon babanka kana riƙe littafin bashi ya fi dogon bayani kan burin ceto Afirka jan hankalin mai karantawa.

MIT ta dawo da wajabcin jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT a 2022, Harvard da Dartmouth da Brown suka bi a 2024. Jarrabawar Turanci irin TOEFL, IELTS ko ta Duolingo, jami'o'i da dama suna ɗauke ta ga wanda ya yi sakandare da Turanci, amma wanda ya yi da Faransanci sai ya rubuta ta.

Fom ɗin neman tallafi na FAFSA na 'yan Amurka ne, bai shafe ka ba. Naka shi ne CSS Profile na hukumar College Board, ana buɗe shi 1 ga Oktoba, kuɗinsa dala 25 ga makarantar farko, 16 ga kowace ƙari. Wasu makarantu suna karɓar fom na kyauta a madadinsa. Zai tambayi abin da iyaye ke samu, da gida, da gona, da ajiyar banki, da yawan mutanen da ake ciyarwa. In mahaifinka ɗan kasuwa ne marar takardar albashi, ku shirya bayanan banki da rubutaccen lissafin ribar shekara. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ko marayun dangi da ake riƙo, a bayyana shi filla-filla a gurbin ƙarin bayani, domin mai dubawa ba zai yi tsammaninsa ba.

Kuskure mafi tsada shi ne ka ce ba ka buƙatar tallafi don a ɗauke ka, da niyyar nema daga baya. Jami'o'i da yawa ba sa sauraron baƙon da bai nema tun farko ba, har ya gama. Kumbura abin da za ku iya biya ma haka yake: da wannan adadin za a yi lissafi, kuma sai kun nuna shi a banki kafin a ba ka takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi da ita.

In tayi ya zo, ka rarrabe kyauta da bashi da kuɗin aikin cikin makaranta, wanda doka ta ƙayyade wa awa 20 a mako lokacin karatu. Ka tambaya ko an haɗa da inshorar lafiya da tikitin jirgi da kayan sanyi. Sannan akwai dala 350 na rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta SEVIS da 185 na neman bizar ɗalibi ta F-1.

Bizar kanta tana canza fuska. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shigar 'yan Chadi da Sudan, a Disamba kuma ta ƙara Nijar, ta sa wa Najeriya takunkumin da ya haɗa da bizar ɗalibai. Kafin ka kashe ko sisi, ka bincika halin da ake ciki a ofishin jakadanci ko cibiyar ba da shawarar karatu ta EducationUSA, wadda ke da ofis a Abuja da Legas kuma shawararta kyauta ce.