Malanihaya ba riyal ba ce da za ka ɗebe

Shekara bakwai ke nan ina koya wa 'ya'yan Hausawa lissafi bayan Magariba a nan Makka, kuma babu shekarar da ba a kawo mini wannan ɓarnar ba: ∞ − ∞ = 0, wai in ka ɗebe malanihaya, wato abu mara iyaka, daga malanihaya, sifili ya rage. Yaro zai rubuta gaba gaɗi, har ya ja layi biyu a ƙasa. Ban cika faɗa ba, amma a kan wannan ina yi, domin ni ma ta taɓa cina. A shekarata ta farko a jami'a aka ba mu √(x² + x) − x, a nemo inda ta dosa idan x ta yi ta girma. Na dubi hagu na ga abu mara iyaka, na dubi dama haka, na ce an yi canjaras, sifili. Ashe rabi ce amsar. Makin nan ne ya kayar da ni, na maimaita darasin zango guda, ga nauyin gaya wa Baba.

Malanihaya, kamar yadda littattafanmu na Larabci ke kiranta, ba lamba ba ce. A babin nihaya, wato inda ake neman abin da lissafi ya dosa, alamar ∞ da John Wallis ya shigo da ita a 1655 labarin tafiya take bayarwa, abu yana ƙaruwa ba tsayawa. Mutum biyu kuwa suna iya tafiya ba tsayawa da tazara a tsakaninsu. (x + 5) − x kullum biyar ce, x² − x kuma gudu take ba waiwaye, alhali a ido duk "∞ − ∞" ne. Maganina shi ne kafin yaro ya taɓa wata ƙa'ida, ya ɗauki kalkuleta ya sa 100 a madadin x cikin √(x² + x) − x ɗin da ta kayar da ni. Zai ga wajen 0.4988. Ya sa 1000, ya ga 0.4999. Wasu malamai na cewa ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Masu rubuta 1/0 = ∞ kuma, su gwada 1/x da 0.001, sannan da −0.001, su gaya mini ta wane ɓangare za mu bi. Shi kuwa 0.999... ɗaya ne cif, ninka 0.333... sau uku ka gani.

Ɓarna ta biyu da ke tayar mini da hawan jini ita ce ta jimla. "Ustaz, ai lambobin ƙanƙancewa suke, dole jimlar ta tsaya." Wa ya ce maka dole, ɗana? Gaskiya ne 1/2 + 1/4 + 1/8 + ... tana tsayawa a ɗaya. Amma 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + ... ba ta tsayawa, kuma tun ƙarni na 14 Bafaranshe Nicole Oresme ya nuna dalili: 1/3 da 1/4 sun fi rabi, daga 1/5 zuwa 1/8 sun fi rabi, takwas na gaba ma haka, rabi-rabin nan kuma ba ya ƙarewa. Da yayyafi kogi kan cika. Nawarta ce ke yaudara, sai an tara kashi 12,367 kafin ta haura goma, shi ya sa a nan kalkuletar da nake yabo ba ta da amfani.

Sai masu cewa cika da mara, wato 1, 2, 3, 4..., sun ninka cika kaɗai, wato 2, 4, 6..., yawa. Nan nakan ara misalin David Hilbert na 1924 in mayar da shi unguwar Aziziyya ta nan Makka lokacin Hajji: masauki mai ɗakuna marasa iyaka ya cika maƙil, ga wasu alhazai marasa iyaka a ƙofa. Kowa ya koma ɗakin da ya ninka lambarsa, na 1 zuwa 2, na 2 zuwa 4, sai duk ɗakunan mara su zama wayam. Yara na dariya, su ce da haka ne da kawunsu mai hayar gidaje ya huta.

Da sun gane wannan sai su zarce, wai duk marasa iyaka girmansu ɗaya. Georg Cantor ya rushe haka a 1874, ya sake da hanya mai sauƙi a 1891. Nakan ba yaro takarda ya jera mini lambobin da ke tsakanin 0 da 1 yadda ya ga dama, ni kuma in canza adadi na farko a layin farko, na biyu a layi na biyu, haka har ƙasa, in miƙa masa lambar da ba ta cikin jerinsa. Akwai wanda ya cusa ta a saman takardar ya ce yanzu ta shiga, na sake yi masa wata.