Yadda na gyara tangaɗin Hilux ɗina

A-kori-kurar da nake jigilar kayan miya da ita daga Ɗa'ifa zuwa Jidda ta fara ba ni tsoro. Idan na gangaro dutsen Hada da lodi, kowace kwana sai bayanta ya riƙa lilo kamar kwale-kwale, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannuna.

Da fari tayoyi na zarga, na sayi sababbi biyu. Asarar kuɗi kawai.

Wani dattijo bakanike a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, shi ne ya danna bayan motar da ƙarfi ya saki, ta yi ta sukuwa har sau uku. Ya ce, "Ɗana, shokozobarka ta mutu, dubi mai yana tsiyaya." Da muka leƙa ƙasa, falle ɗaya na sifirin ɗin hagu ya tsage, bushin kuma rana ta cinye robarsu.

Na canza shokozoba huɗu zuwa masu gas, don canza gefe ɗaya ɓata lokaci ne. Muka sauya fallen da ya tsage, muka ƙara falle guda kowane gefe, sabon bushin, sannan aka daidaita ƙafafun gaba.

Yanzu da lodi tana kwanciya a kwana lafiya lau. In babu kaya kuwa tana ɗan dukan ƙugu, na haƙura da wannan.