Kafin ka sa hannu a takardar aiki, ƙirga kwanakin hutunka

Duk sabon zuwa aiki a Turai ko Amurka da abu ɗaya yake farawa: ya ciro waya, ya juya albashin zuwa naira ko sefa ko sidi, ya yi murmushi. Da wuya ka ji wanda ya tambayi kwana nawa zai samu a shekara. Alhali a wurinmu hutu shi ne zuwa gida, shi ne aikin hajji, shi ne zaman makokin mahaifi.

A Turai maganar ba ta da tsawo. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta hutun mako huɗu da albashi ga kowane ma'aikaci. Faransa mako biyar take bayarwa, Birtaniya kwana 28 har da ranakun hutun gwamnati, Jamus kwana 20 ga mai aikin kwana biyar a mako, kodayake kamfanoni da yawa na kai shi 30. Idan ka kwanta ciwo a Jamus, mai aikin zai biya ka cikakken albashi har mako shida. Sai dai ana karɓar kuɗin wannan kwanciyar hankali tun daga tushe: haraji da inshorar lafiya da fansho na iya cinye kashi ɗaya cikin uku na albashin gwauro, ko fiye. Kullum ka tambayi abin da zai shiga asusunka bayan an cire komai. Kuma ko kana da kwanakin, kada ka tafi sai an amince a rubuce, domin ba wa kai hutu dalili ne na kora.

Amurka ce ke kayar da mutanenmu. Albashin ya fi tsoka, musamman a aikin jinya, tuƙin babbar mota da aikin kwamfuta, kuma duk awar da ta haura 40 a mako ana biyan ɗaya da rabi ga mai aikin awa. Amma babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ya ba ka ko kwana ɗaya na hutu da albashi. Su a ganinsu hutu ciniki ne tsakaninka da mai aikin, kamar yadda ake cinikin albashi. Wanda bai nema ba tun farko, shi ya jiyo.

Abin da suke kira PTO, wato hutu da albashi, tara shi ake yi kaɗan-kaɗan. A ce an yi maka alkawarin kwana 10 a shekara, wato awa 80. Idan ana biyanka duk mako biyu, awa uku da 'yan mintoci ke ƙaruwa a kowane biya. Duba ƙasan takardar albashinka, za ka ga adadin. Bayan wata shida kwana biyar kacal ka tara, kuma tafiya daga New York zuwa Kano ko Yamai da dawowa ta cinye kusan uku. A wurare da dama zazzaɓinka da ranar Sallah duk daga wannan tukunya ake ɗiba. Ka tambaya ko ragowar na tsallakawa zuwa baɗi, da ko za a biya ka kuɗinsa in ka bar aikin. A Kalifoniya dole ne a biya, a jihohi da yawa sai abin da kamfani ya rubuta.

Sannan ka san a wace takarda aka ɗauke ka. Mai W-2 ma'aikaci ne, ana cire masa haraji. Mai 1099, kamar yawancin masu Uber da kai abinci, aikin kansa yake yi: ba hutu, ba inshora, kuma shi zai biya kashi 15.3 cikin ɗari na ribarsa a matsayin kuɗin tsufa da lafiya, bayan harajin da ke jiransa a watan Afrilu.

Idan aka bugo waya cewa Baba ko Inna na kwance rai a hannun Allah, akwai dokar FMLA ta 1993. Tana riƙe maka gurbinka har mako 12, ba tare da albashi ba. Sharaɗin shi ne ka shekara a wurin, ka yi awa 1,250, kuma kamfanin na da ma'aikata aƙalla 50. Ta shafi jinyar iyaye da 'ya'ya da mata ko miji ko da suna gida ne, sai dai za a nemi takardar likita. Ba ta shafi yaya ko ƙane ko suruki ba, kuma ba ta shafi rasuwa ba. Kamfanoni da yawa kwana uku suke bayarwa na makoki, ba ruwansu da sadakar bakwai balle arba'in. Abin da ke ɓata mini rai shi ne mutum ya hau jirgi cikin ruɗewa bai aika ko saƙo ɗaya ba. Kwana uku babu kai babu labarinka, dokar cikin gida ta kamfanoni da yawa ta ɗauka ka ajiye aikin, kuma inshorar lafiyar iyalinka ta bi shi. Rubuta wa ofishin ma'aikata imel ko daga filin jirgi ne, ka faɗi ranar dawowa, ka ajiye kwafi.

Jama'armu ta unguwar Bronx a New York ba ta barin mutum shi kaɗai. Kafin a idar da la'asar an haɗa masa kuɗin tikiti, wani ya karɓi aikinsa na dare. Amma ba za su iya dawo maka da aikin da ka saki da hannunka ba.

Mai niyyar hajji ya kai maganar tun wata shida kafin lokaci, a rubuce, ya nemi a haɗa masa kwanakinsa da hutu marar albashi. Dokar hana wariya ta Amurka ta 1964 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata aƙalla 15 ya duba buƙatar addini matuƙar ba za ta jawo masa babbar asara ba, Juma'a da Idi duk suna ciki. Kuma ko an sake ka, takardun zama na da nasu lissafin: wuce wata shida a waje na iya katse wa mai girin kad (katin zaman dindindin a Amurka) lissafin neman zama ɗan ƙasa, a Jamus kuma izinin zaman ne ke mutuwa, sai in ka nemi ƙarin wa'adi daga ofishin baƙi kafin ka tashi.