Babi na Shida: Shan Maganin Farfaɗiya da na Fargaba Yadda Likita Ya Rubuta

Ƴan aji, iyayena da ƙannena, barkanmu da sake haɗuwa. Kafin a buɗe wannan babi, duk wanda ke da maras lafiya a gida ya zo da kwalin maganinsa fanko da takardar da likita ya rubuta, wadda muke kira odonansi. Wanda ba shi da su ya matsa kusa da mai su. Ba za mu yi sauri ba. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, babu kunya a nan.

Darasi na 1: Sunan maganin

Ɗauki kwalin. Juya shi har ka ga rubutu mafi girma. Wannan shi ne sunan maganin. Sa yatsa a kan harafin farko, ka faɗe shi da ƙarfi.

Sunaye uku za mu riƙe:

DIAZEPAM, wanda wasu suka sani da Valium.
CLONAZEPAM, wanda wasu suka sani da Rivotril.
PHENOBARBITAL, wanda kusan kowa a nan yake kira Gardénal.

Dukansu suna kwantar da ƙwaƙwalwa, shi ya sa suke kawo barci da kasala. Gardénal shi ne wanda aka fi ba mai farfaɗiya ya sha kullum, galibi da dare. Diazepam kuwa, allurarsa ake yi a asibiti don tsayar da jijjigar da ta ƙi tsayawa, ƙwayarsa kuma akan ba mai fama da fargaba da faɗuwar gaba na ɗan lokaci, yawanci sati 2 zuwa 4. Clonazepam ana ba da shi ga ciwon biyu.

Kada ka gane magani da launinsa. Ƙwaya fara tana da yawa, kuma kamfani daban yakan yi magani ɗaya da launi daban. Suna ake dubawa.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukar ta ta miyau ko ta taɓa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane wajen miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace suka sha shi daidai.

Aiki: kwafi sunan da ke kan kwalinka sau uku a littafinka.

Darasi na 2: Lambar ƙarfi da lambar yawa

Wannan darasin shi ne ƙashin bayan babin nan. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Lambobi iri biyu ne, kuma aikinsu daban.

Ta farko tana kan kwali, kusa da suna. Bayanta akwai ƙananan haruffa biyu: mg. Nemo su yanzu. Sa yatsa a kai. Duk lambar da mg ke bin ta, ƙarfin ƙwaya guda ɗaya take faɗa maka. Ba ta ce maka ga yawan da za ka sha ba.

Ta biyu tana kan takardar likita. Bayanta akwai haruffa biyu: cp. Ma'anarsu ƙwaya. Lambar da cp ke bin ta, ita ce yawan ƙwayar da za ka sa a baki.

Ku ƴan kasuwa ne da manoma. Idan kun ga buhun shinkafa a babbar kasuwa an rubuta masa 50 kg, ba wanda zai ce buhu hamsin ne. Buhu ɗaya ne, nauyinsa aka faɗa. To haka mg take a jikin kwali.

Mu faɗa tare, da murya: mg ƙarfi, cp yawa. Mu sake: mg ƙarfi, cp yawa.

Ga misali. An rubuta:

Diazepam 5 mg
1 cp le soir

Ƙwaya nawa za a sha? Duba inda cp take. Lambar da ke gabanta 1 ce. Ƙwaya ɗaya ke nan. Biyar ɗin fa? Duba abin da ke bin ta: mg. Ƙarfi ne. Ƙwaya ɗaya, mai ƙarfin biyar, da dare.

A wani aji da na koyar, wani dattijo mai ƙoƙari sosai ya karanta layin farko daidai, harafi bayan harafi, sai ya ɗaga yatsunsa biyar yana murna ya ce, "Malam, guda biyar ke nan." Karatunsa bai da laifi ko kaɗan, layi na biyu ne kawai bai kai gare shi ba. Da a gida ne, da ya ninka wa ɗansa magani sau biyar. Saboda irinsa nake ta nanata wannan magana, ku yi haƙuri da ni.

Misali na biyu:

Gardénal 100 mg
1 cp le soir

Da lambar mg yawa take nufi, ai da ƙwaya ɗari za a haɗiye a dare guda. Kun ga ba zai yiwu ba. Nemo cp. Ɗaya. Madalla.

Kalmomin lokaci uku ne, da Faransanci ake rubuta su: matin safe, midi tsakar rana, soir dare. Wani likitan ba ya rubuta kalmomin, sai ya ja lambobi uku haka: 1 - 0 - 1. Karanta daga hagu zuwa dama. Gurbin farko safe, na tsakiya rana, na ƙarshe dare. Wato ɗaya da safe, babu da rana, ɗaya da dare. Idan 0 - 0 - 1 ne, da dare kaɗai.

Sai wannan alamar: 1/2 cp. Ba ɗaya ba ce, ba biyu ba ce, ba sha biyu ba ce. Rabin ƙwaya ce. Duba ƙwayar da kyau, za ka ga tsaga a tsakiyarta. Riƙe ta da yatsu busassu ka karya a kan tsagar. Sha rabi, ka mayar da rabin cikin gurbinsa.

Yanzu mu koma kan mg, domin ita ma tana da nata tarkon. Gardénal yana zuwa da ƙarfi uku: 10 mg, 50 mg, 100 mg. Tsakanin 10 da 100 sifili guda ne kawai ga ido, amma ƙarfin ninki goma ne. Ƙirga sifilin da yatsa. Diazepam kuma akwai 2 mg, 5 mg, 10 mg. Clonazepam akwai 2 mg, akwai 0,5 mg. Dubi ɗan waƙafin nan tsakanin 0 da 5. Wannan ba biyar ba ce, rabin mg ɗaya ce.

Saboda haka duk lokacin da ka sayo magani, kada ka fita daga farmasi sai ka yi wannan: takarda a hannun hagu, kwali a hannun dama. Suna ya yi daidai da suna? Lambar mg ta takarda ta yi daidai da ta kwali? Idan ba su yi daidai ba, kada ka yi lissafi da kanka. Miƙa wa mai farmasi ka ce, "Don Allah duba mini, nawa zan sha da wannan?" Ka roƙe shi ya ja maka kara a jikin kwalin, kara ɗaya ƙwaya ɗaya.

Aiki: amsa a littafinka.
a) Gardénal 50 mg, 2 cp le soir. Ƙwaya nawa? Yaushe?
b) Diazepam 10 mg, 1/2 cp le soir. Ƙwaya nawa?
c) Takarda ta ce 100 mg, kwali ya ce 10 mg. Me za ka yi?

Wanda ya amsa hamsin ko goma ya koma farkon darasin. Ba laifi ba ne, komawar ita ce karatun. Amma kada kowa ya wuce zuwa darasi na uku da ƙaryar ya gane. Na sha ganin masu gyaɗa kai a aji don kada a ce sun yi baya, wannan ba wurin yin haka ba ne.

Darasi na 3: Lokacin sha

Maganin farfaɗiya yana son lokaci ɗaya kullum. Wanda ba shi da agogo ya ɗaure shi da salla: na safe bayan asuba, na dare bayan lisha. Mai salula ya sa ɗansa ya saita masa ƙararrawa.

Ja layi bakwai a takarda, daga Lahadi zuwa Asabar, ka manna ta a bango. Da ka haɗiye, ka sa alama. Bayan sha ake sa alama, ba kafin sha ba. Idan yaro ne maras lafiyar, mutum ɗaya a gida shi zai riƙa ba shi. In uwa ta ba shi, kaka ma ta zo ta ba shi saboda ba ta sani ba, an ninka ke nan.

Idan ka manta ka tuna da wuri, sha. Idan lokacin na gaba ya kusa, bar wanda ya wuce. Kada ka haɗa biyu don rama bashi. Kuma kafin ka sha, duba cp. Nawa aka ce?

Watan azumi in ya gabato, je ka ga likita tun cikin Sha'aban ya duba maka yadda za a yi da lokutan. Kada ka sauya su da kanka.

Darasi na 4: Ba a barin sa kwatsam

A nan zan ɗan ɗaga murya. Mutum ya yi wata uku bai faɗi ba, sai dangi su taru su ce ya warke, a ajiye magani. Haba jama'a! Maganin ne fa ya riƙe shi. Jiki ya riga ya saba, in aka yanke rana ɗaya ciwon yakan dawo da ƙarfin da ya fi na da, jijjiga a kan jijjiga ba hutu, kuma wannan yana kisa. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana ku, amma kada wani ya ce muku sai an bar ƙwaya kafin su ci.

Mai shan Diazepam ko Clonazepam don fargaba, kai ma haka. In ka daɗe kana sha ka tsaya farat ɗaya, za ka ga rawar jiki, zufa, rashin barci, wani har jijjiga. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan. In kuma ka ji ƙwaya ɗaya ta daina isar ka, kada ka ƙara. Koma ka faɗa masa gaskiya.

Ƙarewar magani ma yankewa ce. Ƙirga abin da ya rage kowace Juma'a. In saura na kwana bakwai, lokacin komawa ya yi. Ku na Tibiri, Jiratawa, Madarunfa da Ɗan Isa, ku fi kowa kula da wannan, musamman da damina. A riƙa ware kuɗin maganin tun da wuri, kuma a tafi da karne, wato littafin asibiti, da tsohon kwali, don a gwada mg da mg.

Darasi na 5: Abin da ba a haɗawa da shi

Giya, tramol, da maganin tari mai kodin. Kowannensu in ya haɗu da waɗannan ƙwayoyi yana iya danne numfashi, mutum ya kwanta barci bai farka ba. Tramol shi kansa yana tayar da jijjiga. Samari, da ku nake, kuma kun san da ku nake.

Kada a sayi maganin nan wurin masu yawo da shi a faranti cikin rana. Kada ka ba maƙwabci naka don ya ce ba ya samun barci.

Mai jin barci ko jiri kada ya tuƙa kabu-kabu ko mota. Mai farfaɗiya kada ya ja ruwa a rijiya shi kaɗai, kada ya shiga gulbi, kada a bar shi shi kaɗai a bakin murhu.

Darasi na 6: Mata, tsofaffi, ajiya

Mai ciki ko mai niyyar ɗauka ta gaya wa likita, amma kada ta bar maganin da kanta. Gardénal yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, a sanar da ungozoma. Mai shayarwa in ta ga jariri yana yawan barci ko ya kasa tsotso, ta kai shi a duba. Tsoho a riƙe shi in zai fita da dare, maganin yana sa tangaɗi.

A ajiye shi a akwati mai makulli, nesa da yara da zafin rana. Duba EXP, wato lokacin da wa'adin maganin zai ƙare: 08/2027 na nufin wata na takwas, shekarar 2027. In ya wuce, ba a sha.

Darasi na 7: Lokacin gudu asibiti

Jijjiga ta wuce minti 5, ko ta dawo mutum bai farfaɗo ba. An tashe shi ya ƙi tashi. Numfashi ya yi ƙasa, leɓe ya sauya launi. Ƙuraje sun feso a jiki ko a baki. Yaro ya haɗiyi maganin babba.

Kwantar da shi a kan gefen jikinsa. Kada a sa cokali, ruwa ko ƙwaya a bakinsa. A tafi da kwalin.

Aiki: haddace alamomin nan, kuma a sake yin tambayoyi uku na darasi na 2 kafin zama na gaba.