Babi na 6: Gyaran Gida Domin Tsofaffinmu

Tsoho ba ya son a raba shi da ɗakinsa, don haka gidan za mu gyara ya dace da shi. Kowa ya ɗauko fensir da littafinsa da tef ɗin awo. Wanda ba shi da tef ya ara wurin kafinta.

Darasi na 1: Dokin ƙofa

Dokin ƙofa shi ne tudun da ake tsallakewa a shiga ɗaki ko zaure. Don ruwan damina aka yi shi, saboda haka ba za mu fasa shi ba. Amma shi ke sa Baba tuntuɓe, keken marasa lafiya kuma ba ya hawansa. Gangaren siminti za a yi masa.

Ku ja tef ɗin. Lambobi jeri biyu za ku gani. Jerin da lambobinsa suka yi nesa da juna, shi ne inci. Wanda suka matsu santimita ne, ku ƙyale shi yau. Awo yana farawa daga ɗan ƙarfen da ke bakin tef, ba daga lamba 1 ba. Ku sa ƙarfen a ƙasa, ku ja tef sama zuwa kan dokin, ku rubuta lambar da kuka gani.

Ga ƙa'idar: kowane inci 1 na tsayin doki, a ba shi ƙafa 1 ta tsawon gangare a ƙasa.

Ƙafa 1 ita ce inci 12 a jikin tef. Ƙafar magina ake nufi, ba tafin ƙafarka ba. Kada a auna da taku.

Doki inci 4, gangare ƙafa 4.
Doki inci 6, gangare ƙafa 6.
Doki inci 9, gangare ƙafa 9.

Kun lura? Lambar ba ta canzawa, sunan awon ne ke canzawa. Sama inci, ƙasa ƙafa. Ku faɗa da baki: sama inci, ƙasa ƙafa. Wanda ya rikice kada ya ji kunya, a nan kusan kowa yake rikicewa. Ya goge, ya sake, sannu ba ta hana zuwa.

Mu maimaita. Dokin ɗakin Inna inci 5 ne. Gangare nawa? Ƙafa 5, wato inci 60 a tef. Madalla.

To amma kullum sai an samu mai rubuta "inci 5, gangare inci 5". Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Irin wannan ai ya fi dokin haɗari. Wani kuma yana sane, siminti yake jin ƙyashi, magini ya ce ƙafa 2 ta isa, shi kuma ya ce to. Kuɗin ɗorin ƙashin kwatangwalo ya ninka na buhun siminti, tsoho kuma in ya karye a nan da wuya ya koma yadda yake. Ku tsaya a kan aikin da tef a hannu. Sama inci, ƙasa ƙafa.

Faɗin gangare ƙafa 3. Tun simintin yana ɗanye a ja tsintsiya a kansa ya yi kaushi.

Aiki: auna dokin ƙofa 2 a gidanku, rubuta tsawon gangaren kowanne.

Darasi na 2: Bayi

Ruwa da sabulu da gansakuka ke kawo santsi. A kankare daɓen, kada a sa tayil mai sheƙi. Mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe da tsoho zai riƙa dafawa, a kafa shi a bango da siminti, inci 34 daga ƙasa. Daga bakin ƙarfen tef za a fara, na faɗa muku. Ƙusa ba za ta ɗauki nauyin mutum ba. Wanda gwiwa ta hana tsugunno, kafinta ya yi masa kujera mai huda a tsaka, tsayi inci 18. Ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, don in ya faɗi a bayanta a iya shiga.

Darasi na 3: Haske

A sa fitilar sola tsakanin ɗaki da bayi. Tocila ta kwana kusa da matashin kai. A kwashe turmi da bokiti daga hanya, a rufe rijiya.

Darasi na 4: Gado

Katifa a ƙasa tana ba tsoho wahalar tashi. A sa masa gadon da in ya zauna a bakinsa ƙafarsa za ta taɓa ƙasa.